Hutun Ranar Jamhuriya a Turkiyya: daga bakin tekun Mudanya zuwa lambunan Yalova

A Turkiyya hutun Ranar Jamhuriya yana farawa ne da ƙarfe ɗaya na rana a ranar 28 ga Oktoba, ya haɗa da ranar 29 gaba ɗayanta, wato ranar da aka ayyana jamhuriya a Ankara a 1923. A 2021 ranar ta faɗo Juma'a, sai hutun ya haɗe da Asabar da Lahadi. Makarantarmu a Istanbul ta rufe, masu aika kaya na unguwar Laleli su ma suka ce sai Litinin. Wannan ya bar kawuna, wanda ya zo sarin kaya daga Kano, zaune a ɗakin otal ba abin yi. Na ce masa, "Kawu, ku zo mu tsallaka teku ku ga wata Turkiyyar ban da ta kantuna." Ya ce, "Ɗana, yawon buɗe ido bai dame ni ba, amma zaman ɗakin nan ya ishe ni. Shirya mana."

Abin da na fara yi shi ne tsara wane wuri zai zo kafin wane, domin a irin wannan hutu jama'a ce ke yanke maka hukunci. Mutanen Istanbul sun haura miliyan 15, kuma da zarar an sami hutu mai tsawo sai su watsu zuwa garuruwan da ke kudancin tekun Marmara. Bikin bakin teku na garin Mudanya da daren 29 ake yinsa, can kuwa cunkoson shi ne abin kallon, don haka na sa shi a farko. Ƙauyen kan tudu da ke kusa da birnin Bursa sai da sassafe, kafin manyan motocin 'yan yawo su iso. Lambunan Yalova kuma na bar su ranar ƙarshe, saboda garin na kan hanyar komawa gida.

Tikitin jirgin ruwa na zuwa da na dawowa na saye su tare ta intanet tun farkon mako. Jiragen BUDO, na hukumar birnin Bursa, a lokacin daga tashar Eminonu ta Istanbul suke tashi su sauke ka a tsakiyar Mudanya. Na kamfanin IDO daga tashar Yenikapi suke tashi su tsaya a Guzelyali, ɗan nesa da garin. Na zaɓi na farko. A wancan lokaci ba a sayar maka da tikitin tafiya tsakanin garuruwa sai da lambar HES, wadda ma'aikatar lafiya ta fito da ita saboda korona. Ni ina da tawa a waya, Kawu kuma ya sami tasa daga takardar da ya cike kafin ya shigo ƙasar. An daina neman lambar a 2022, amma fasfo ko katin izinin zama har yanzu dole ne su kasance a aljihunka, don otal ba ya ba da ɗaki sai da su. Abu na ƙarshe da na riƙa dubawa kullum shi ne hasashen yanayi. Akwai wata iska da ke kaɗowa daga kudu maso yamma, suna kiranta lodos, idan ta taso da ƙarfi sai a soke tashin jirage.

Ranar Juma'a teku ta kwanta lamui. Tafiyar ba ta cika awa biyu ba, kowa da takunkuminsa a fuska, yara riƙe da ƙananan tutoci ja masu farin wata da tauraro. Na riƙa leƙa ruwan ta taga, domin a bazarar shekarar wani kumfa mai yauƙi ya rufe saman Marmara har hankalin kowa ya tashi, masana suka danganta shi da dagwalon birane da ɗumamar ruwa. A ranar dai saman ruwan ya washe.

Daga tashar jirgi muka taka da ƙafa zuwa wani farin gidan katako da ke daf da ruwa. A nan aka sa hannu kan yarjejeniyar tsagaita wuta ta Mudanya ranar 11 ga Oktoba 1922, bayan sojojin Ankara sun fatattaki na Girka daga Anatoliya, wato ɓangaren Turkiyya da ke nahiyar Asiya. Ismet Pasha, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa na biyu, shi ya wakilci Turkawa, a gabansa kuma janar-janar na Birtaniya da Faransa da Italiya. Ɗakunan ƙanana ne, kujerun da teburan na nan yadda suke. Na so Kawu ya fara ganin gidan nan kafin bikin dare, don ya san abin da mutanen suke wa murna. Ƙasarsu ce aka riga aka yanka ta a takarda bayan yaƙin duniya na farko, suka ƙi yarda, suka ƙwato ta da jini.

Kafin azahar muka shiga ƙaramar bas zuwa Tirilye, tafiyar kilomita goma da 'yan kai, hanya na lanƙwasa tsakanin gonakin zaitun da teku. A can muka yi sallar Juma'a a Masallacin Fatih, wanda asalinsa coci ne na zamanin Rumawa, aka mayar da shi masallaci a zamanin daular Usmaniyya ta Turkawa. Huɗubar da Turkanci ake yinta, hukumar addini ta Diyanet ce ke rubuta ta a karanta a masallatan ƙasar. Na riƙa fassara wa Kawu abin da na kama bayan mun fito. Tirilye da can garin Girkawa ne. A musayar jama'a ta 1923 suka koma Girka, aka kawo Musulmi daga can aka zaunar a gidajensu. Babbar makarantarsu ta dutse, wadda aka gama a 1909, tana nan a saman gari tana kallon teku. Lokacin tsinkar zaitun ya kama, ko'ina ka bi sai ƙamshin sabon mai. Wani dattijo ya zuba mana kaɗan a faranti, ya miƙo burodi ya ce mu dangwala. Man yana da ɗan ɗaci a maƙogwaro, ya ce alamar sabo ke nan. Kawu ya sayi kwalba biyu ba tare da ya taya ba, abin da ban taɓa ganin ya yi a Laleli ba.

Mun ci soyayyen hamsi, wasu ƙananan kifaye da kakarsu ke kamawa a wannan lokaci. Wanda zai ci kifi a bakin teku ya tambaya kafin ya zauna, domin da yawa daga gidajen abincin da ke kan ruwa suna sayar da giya. Waɗanda ba sa sayarwa su ma suna da yawa, galibi layi ɗaya ne a baya, kuma sun fi araha.

Da magariba muka dawo Mudanya, garin ya riga ya zama ja. Kowace baranda da tuta, wasu tutocin sun sauko tun daga hawa na uku har kusa da ƙasa. Bayan isha jerin gwanon fitilu ya taso, 'yan badujala a gaba, a bayansu ɗalibai da tsofaffi da mata masu tura jarirai a keke, wasu da sandunan wuta, wasu da hoton Mustafa Kemal Ataturk, wanda ya kafa jamhuriyar. Masunta sun kunna fitilu a kwale-kwalensu suna bin gaɓa suna busa ƙaho. Da aka sa taken ƙasa sai komai ya tsaya cak. Mai gasa masara ya ajiye mafici, yaran da ke guje-guje suka ƙame. Kawu ya raɗa mini, "Wannan ba shi ne mutumin da ya rushe halifanci ba?" Na ce shi ne, a 1924, kuma shi ya sauya rubutunsu daga haruffan Larabci zuwa na Latin a 1928. Turkawa kansu ba bakinsu ɗaya ba a kan waɗannan matakai, na sha jin gardamar a makaranta. Amma a daren nan na ga mata masu lulluɓi da marasa lulluɓi a sahu ɗaya, na kuma ga dattawa da hular salla a ka da tuta a hannu. Kawu bai ce komai ba, ya dai daɗe yana kallonsu.

Ba mu jira ƙarshen wasan wuta ba. Duk wanda ya jira zai yi kokawar shiga bas da dubban mutane. Na sayi katin BursaKart a wani ɗan kanti, na zuba masa kuɗi, muka hau bas zuwa tashar Emek, daga nan jirgin ƙasa na cikin gari ya kai mu tsakiyar Bursa inda na kama mana ɗaki kusa da Babban Masallaci.

Tun 2016 Turkiyya ta daina mayar da agogo baya a lokacin sanyi, saboda haka a ƙarshen Oktoba rana ba ta fitowa sai wajen bakwai da rabi. Ga shi kuma su Hanafawa ne, suna jinkirta jam'in asuba har gari ya fara haske. Wannan ya yi mana daidai. Muka yi salla a Babban Masallacin, wato Ulu Jami, wanda Sarki Bayazid na Ɗaya ya gina aka gama a 1399. Ƙubbobi 20 ne a kansa, ginshiƙai 12 ke ɗauke da su, ga wurin alwala mai ruwa na zuba a tsakiyar masallacin, bangaye kuma cike da manyan rubuce-rubucen Larabci na gwanayen alƙalami. Daga nan sai jirgin da ya nufi gabas, muka sauka a tashar da aka rubuta Cumalıkızık a allonta (Jumalikizik ake faɗa), muka hau ƙaramar bas da ta haura da mu gindin dutsen Uludag.

In ka yi sammako, wani a hanya ya kwana. Mun tarar matan ƙauyen sun riga sun shimfiɗa tebura a ƙofar gidajensu, suna jera kwalaben zuma da na 'ya'yan itace da aka dafa da sukari, da taliyar hannu, da buhunan kestane, wasu 'ya'yan itace masu ɓawo da ake gasawa, da aka tsinto daga dajin da ke saman gari. Hayaƙin murhu na fita daga rufin gidaje, sanyi na ratsa riga. Baƙi kuwa ba su fi a ƙirga ba.

Ƙauyen ya kai kimanin shekara 700. Sarki Orhan Gazi ya ci Bursa a 1326 ya mayar da ita babban birnin daular Usmaniyya, Jumalikizik kuma ƙauyen waƙafi ne. Abin da gonakinsa suka samar ana kai shi ne don riƙe masallaci da makaranta da gidan ciyar da mabuƙata a cikin birni. Wannan alaƙa ce ta sa hukumar UNESCO ta haɗa ƙauyen da Bursa a jerin kayan tarihin duniya a 2014. Da na yi wa Kawu wannan bayani sai ya tsaya, ya ce, "Kana nufin gari guda aka yi waƙafi da amfaninsa?" Ya yi ta juya maganar har muka kai saman gari. Shi a saninsa waƙafi rijiya ce ko fili ko Alƙur'anai a masallaci.

Gidajen sun kai 270, ana zaune a cikin kusan 180. Ƙasan kowane gida dutse ne, ba taga sai ƙatuwar ƙofar katako mai ɓangare biyu wadda dabba da kayanta za ta iya shiga. Saman kuma katako ne da tubalin laka, ya ɗan turo kan hanya, an shafe shi da shuɗi ko rawaya ko shunayya. Lungunan an daɓe su da duwatsu, an karkata su zuwa tsakiya, sai ruwan da ke gangarowa daga dutse ya bi tsakiyar hanya ya bar wa mutane gefe. Babu lungun da ya miƙe. Akwai wani matsattse da ake kira Jin Araligi, sai mutum ya karkace kafaɗa kafin ya wuce. Duk wanda zai je ya sa takalmi mai kama ƙasa, domin duwatsun a jiƙe suke.

Muka karya a tsakar wani gida a ƙarƙashin inabin da ganyensa ya yi ja. Uwar gidan tana zaune a ƙasa tana murza ƙullu da siririn muciya, ta zuba cuku da ganye, ta naɗe ta gasa a kan faffaɗan ƙarfe. Gozleme ke nan. Aka jero zaitun, zuma, man shanu, ƙwai da tumatir, da tukunyar shayi mai hawa biyu. Na kira ta teyze, yadda ake kiran duk macen da ta kai sa'ar uwa, ita kuma ta riƙa ƙara wa Kawu shayi ko bai nema ba. Da ta ji daga Najeriya muke sai ta tambaya ko Musulmi ne mu, muka ce ƙwarai, ta ɗora hannu a ƙirji ta ce marhabin da mu.

Wajen sha ɗaya motoci suka fara sauke mutane, kafin azahar dandalin ƙasa ba masaka tsinke. Abin da ya dame ni shi ne yadda tarkacen kasuwa, irin wanda za ka samu a kowane titi na Istanbul, ya mamaye ƙofofin gidajen ƙasa har ba ka ganin ginin da ka zo dominsa. Na kuma ga baƙi suna cusa waya ta ƙofar da aka bari a buɗe suna ɗaukar hoton tsakar gidan mutane. Mutanen nan da ke kwana a ciki, suke gyara rufi idan ya yi yoyo, su ne suka sa ƙauyen bai rushe ba, kuma sun cancanci a yi musu sallama kafin a ɗaga waya. Wanda ya haura sama da masallaci da tsohon gidan wanka zai sami lungunan da babu kowa sai kaji da tsofaffi masu fasa kestane.

Na so mu hau motar igiya zuwa saman Uludag, mai tsayin mita 2,543, amma layin ya yi tsawo kuma Kawu ba shi da rigar sanyin da za ta iya da can. Sai muka ɗauki tasi zuwa Inkaya, inda wata ƙatuwar bishiyar inuwa, irin wadda Turkawa ke kira cinar, mai sama da shekara 600 take tsaye. Tsayinta ya kai mita 35, rassanta kuma kowanne ya yi kaurin wata bishiyar, sun miƙe gefe har an tokare wasu don kada su karye. A ƙarƙashinta an jera tebura, iyalai na shan shayi, busassun ganyaye masu faɗin tafin hannu na faɗowa cikin faranti. Kawu ya zagaya ta, ya dafa jikinta, ya ce ta tuna masa da kukar ƙofar garinsu inda dattawa ke zaman hantsi, wadda aka sare lokacin da za a faɗaɗa hanya. Da yamma muka shiga Koza Han, masaukin fataken siliki da aka gina a 1491. Nan Kawu ya dawo cikin sana'arsa, yana murza gyale tsakanin yatsu yana gaya mini wanne ne siliki tsantsa wanne aka gauraya. Muka rufe ranar da gasasshen naman da ake kira kebab ɗin Iskender, wanda Bursa ce mahaifarsa.

Ranar Lahadi bas ta kai mu Yalova cikin kamar awa guda. Lambun Karaca yana ƙauyen Samanli, 'yan kilomitoci daga gari, kuma ba a sakin baƙo ya yi yawo shi kaɗai, sai da ɗan rakiya. Faɗinsa hekta 13 da rabi ne, da dubban nau'o'in tsirrai daga nahiyoyi daban-daban. Itatuwan mapul na Japan sun yi ja wur, wasu ruwan goro, wasu rawaya kamar an kunna musu fitila. Kawu ya tambaya ko ciwo ne ya kama su. 'Yar rakiyarmu ta bayyana, ni kuma ina fassarawa. Idan yini ya gajarta dare ya yi sanyi, bishiya takan janye sinadarin da ke sa ganye kore ta adana amfaninsa a jikinta, sai rawayan da dama yana ɓoye a ganyen ya fito. Jan kuwa sabo ne, daga sukarin da ya rage a ganyen ake yinsa, shi ya sa ya fi kyau a shekarar da aka sami rana mai haske da dare mai sanyi. Bishiyar lafiyarta ƙalau, shirin hunturu take yi.

Labarin mai lambun ne ya fi kama Kawu. Hayrettin Karaca ɗan kasuwar kayan saƙa ne, masana'antar gidansu ta yi suna a ƙasar. Ya bar harkar ya koma ga itatuwa, ya kafa lambun a 1980. Yawon neman tsirrai a faɗin Anatoliya ne ya nuna masa yadda ruwa da iska ke kwashe ƙasar noma, sai shi da abokinsa Nihat Gokyigit suka kafa gidauniyar TEMA a 1992 don yaƙi da zaizayar ƙasa da dasa itatuwa. Turkawa suna kiransa Kakan Ƙasa, kuma an san shi da jar rigar sanyi guda da ya shekara da shekaru yana sawa. Ya rasu a Janairun 2020. Kawu ya sa na maimaita masa cewa mutumin ɗan kasuwar tufafi ne. Ya ce, "Mu da hamada ke cin gonakinmu ta arewa, masu kuɗinmu nawa ne suka taɓa tunanin wannan?" Ya tambayi 'yar rakiyar yadda suke renon iri da shekarun da dashe ke yi kafin a daina ba shi ruwa, ya sa na rubuta masa amsoshin a waya. Ni ma tambayar tasa ta zauna mini, don na san garuruwan da rairayi ya binne musu rijiyoyi.

Wuri na ƙarshe yana bakin teku a gabashin garin. Wani ɗan gidan katako ne mai hawa biyu da aka gina wa Ataturk a 1929 kusa da wata tsohuwar cinar. Shekara guda bayan haka reshen bishiyar ya fara taɓa rufin, mai kula da lambu ya nemi izinin sare shi. Ataturk ya ce a bar reshen, a matsar da gidan. A watan Agustan 1930 aka tone har tushen ginin, aka kawo ƙarafan titin tarago daga Istanbul aka zura a ƙarƙashinsa, aka tura shi mita 4 da santimita 80. Gidan na nan, bishiyar ma na nan da ranta, akwai kuma hotunan aikin a ciki, ana ganin ma'aikata da ƙarafan da shi kansa yana zaune yana kallo. Kawu ya auna tazarar da takunsa, daga gindin bishiyar zuwa bango, ya girgiza kai ya ce, "Duk abin da za a ce game da mutumin nan, wannan kam ya yi daidai."

A tashar jirgin ruwa ta Yalova mun tarar an manna sanarwa cewa kujerun yamma duk sun ƙare. Waɗanda ba su sayi tikitin dawowa da wuri ba suka juya zuwa tashar bas, inda za su bi ta gadar Osmangazi, wadda aka buɗe a 2016, su shiga cunkoson masu komawa Istanbul. Mu da namu a waya muka wuce kai tsaye, cikin awa ɗaya da 'yan mintuna muka sauka a Yenikapi, daga nan zuwa otal ɗin Kawu a Laleli tafiyar ƙafa ce.